Takalmin Hagu na Yaya

Tun yana yaro ake ce masa Basilla, don tsawo ne da shi babu jiki. Da ya girma ya zama mai gyaran takalma sai sunan ya zauna masa daram, har matarsa ma da shi take kiransa idan ranta ya ɓaci. Shekara talatin da takwas ya yi a rumfa ɗaya, tsakanin shagon tela da na mai sayar da batir. Kayan aikinsa ba su cika akwati ba: ƙafar ƙarfe da yake kifa takalmi a kanta, guduma, wuƙaƙe biyu, gwangwanin gam, zare da kaki, sai bencin da masu jira suka goge da zama har ya yi santsi. Haƙoransa na gaba sun cinye saboda riƙe ƙusoshi a baki.

Ba shi da arziki, ba shi da wani dogon labari. Abu ɗaya yake tinƙaho da shi, kuma duk wanda ya zauna a bencin nan minti biyar sai ya ji: "Ni tunda na fara sana'ar nan ban taɓa ɓatar da takalmin mutum ba, ban taɓa lalata na kowa ba." Gaskiya ce, amma an ji ta har an gaji. Tela yakan ƙarasa masa maganar tun bai kai rabi ba.

Saboda wannan tinƙahon bai taɓa zubar da takalmin da aka kawo gyara aka manta da shi ba. Mutum zai kawo ya ce gobe, goben ta zama shekara. Wani ya bar unguwar, wani ya sayi sabo, wani ya mutu. Basilla sai ya ɗaure ƙafa biyun da zare ya jefa a buhu. Da buhunan suka kai uku rumfa ta kasa ɗauka, ya kwaso su gida ya jingine a ɗan ɗakin ajiya da ke bayan tankin ruwa. Matarsa ta yi magana har bakinta ya gaji. Amsarsa ɗaya ce: masu su za su dawo. Akwai wanda ya shekara ashirin yana jiran mai shi.

Takalmi ɗaya ne a duniya yake taɓawa da fargaba, na hagu na Yaya.

Yaya ta girme shi da shekara tara. Tana ƙarama ciwo ya kwantar da ita, da ta tashi ƙafarta ta hagu ta ƙi girma tare da 'yar'uwarta. Mahaifiyarsu ta rasu Basilla yana shekara uku, Yaya ce ta goya shi, ta yi masa wanka, ta dake shi, ta kai shi makaranta. A lokacin tafiyarta sai da dafa gwiwa: ta ɗora hannu a gwiwar hagu, ta sunkuya, ta ja jiki, ta miƙe, ta sake sunkuyawa. Yara sukan bi ta a baya suna kwaikwayonta. Basilla ya sha fasa baki a kan haka, nasa da na wasu.

Sai da ta haura ashirin aka kai ta wurin wani mutum da ke da ɗan ɗakin aiki a bayan asibiti, wanda ke yi wa irin su takalmi mai tudu. Ranar da ta dawo gida a miƙe, kafaɗunta daidai, Basilla ya kalle ta ya ga ashe doguwa ce. Da wannan takalmin ta yi aure, ta haifi 'ya'ya biyu, ta shekara talatin tana renon 'ya'yan mutane a makarantar ƙananan yara. Mutumin ya yi mata sabo sau uku a rayuwarta, har ya tsufa a kan sana'ar. Na ƙarshen shekara goma sha ɗaya ke nan, bayansa ya rasu, aka mayar da ɗakinsa wurin ajiye tsofaffin gadaje.

Tun daga nan kula da takalmin ya dawo hannun Basilla. Duk shekara Yaya takan zo ta yi musu mako guda, shi kuma ya ɓare siririyar robar ƙasa ya liƙa sabuwa, ya ƙara ɗinki inda ya saki, ya shafa mai. Aikin yini ɗaya. Tudun kansa bai taɓa taɓawa ba, bai taɓa auna shi ba. Ƙafar ma bai taɓa kallonta ba. Yaya takan saki zaninta har ƙasa, idan ta zauna kwance maɗauri shi kuma sai ya sami abin kallo a bango. Haka suka yi shekara sittin, kowa na ganin yana rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Akwai kuma kare a gidan Basilla, ɗansa ne ya kawo shi. An hauro katanga da rana tsaka an ɗauke injin ban ruwa, ɗan ya zo da ɗan kwikwiyo a kwali, ya ajiye, ya koma wurin aikinsa a wani gari ya bar su da shi. Kunnensa ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, sai aka riƙa ce masa Kunne. Ba ya shiga ɗaki, tsakar gida ce tasa, kuma a wata na huɗu ya fara cinye ta. Ya ci tsintsiya biyu. Ya ci bakin bokitin roba, da ƙafar kujerar tsakar gida, da igiyar shanya har kayan suka zubo cikin ruwan wanki. Ranar da ya tauna wayar cajin matar gidan ta tsaya a bakin ƙofa da guntun a hannu.

"Baban yara, ko ni ko karen nan."

"Haƙori yake fitarwa, ƙaiƙayi yake masa. Abin taunawa kawai yake nema."

"To ka ba shi yatsanka."

Basilla ya tsaya yana tunani, idonsa ya faɗa kan ɗakin ajiya. Ya shiga ya kwance buhu mafi tsufa, ya zaro wani takalmin fata da ya bushe kamar ƙirgi, wanda shi kansa ya manta fuskar mai shi. Ya ɗan yi jim, don ya san dokarsa yake karyawa. Sannan ya jefa. Kunne ya cafke, ya kwanta a inuwar tanki, bai tashi ba sai da rana ta yi sanyi.

Daga ranar tsintsiya ta huta, bokiti ya huta. Duk wanda Kunne ya gama da shi sai a zaro masa wani. Ya koyi kawo wa Basilla takalmin yana kaɗa jela, Basilla ya ja, shi ma ya ja, a ce masa, "Yawwa, ɗan gari!" A rumfa ma sai da kowa ya ji yadda aka yi maganin kare ba tare da an kashe ko sisi ba.

Matarsa ce kaɗai ba ta yaba ba.

"Cin takalmi kake koya masa."

"Tsofaffi ne, na buhu."

"Shi ya san na buhu? Rasit yake dubawa?"

"Kare ba wawa ba ne, Maman yara."

"Ai ban ce karen ba."

Da Kunne ya yage silifas ɗin maƙwabciyarsu da ta shigo aron dutsen guga, Basilla ya ɗinke mata nan take, aka yi dariya aka wuce. Mutanen gidan dai suka koma shiga ɗaki da takalmansu a hannu. Babu wanda ya zauna ya yanke haka, sabo ne ya shigo da kansa, shi ya sa babu wanda ya tuna ya gaya wa baƙo.

Yaya ta iso ranar wata Litinin da azahar, matar gidan ta tafi kasuwa. Basilla ya karɓi jakarta, suka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta ce ya ƙara ramewa. Ta zauna a dakalin ƙofar ɗaki tana kwance maɗauri, shi kuma ya juya yana duba wani tsagi a katanga. Ta shiga ta kishingiɗa, don motar ta jijjiga ta. Ya ce bari ya sayo burodi da madara.

Bai fi rabin awa ba. Da ya dawo takalmi ɗaya ne a bakin ƙofa.

Ya sami na hagun a bayan tanki. Kunne ya danne shi da ƙafafu biyu yana aiki da gefen baki. Maɗaurin ya tsinke, fatar sama ta yage har hanci. Tudun kuwa babu shi. Abin da tsohon nan ya jera falle bisa falle ya fere da hannunsa ya zama ɓarɓashi a warwatse kan siminti. Da karen ya ga mai gidansa sai ya tashi da sauran a baki, yana kaɗa jela, ya kawo masa don su ja.

Basilla ya fizge ya maka masa a hanci. Kunne ya yi ƙara ya ja da baya ya maƙale a bango, yana kallonsa, yana kallon takalmin. Jiya a kan irin wannan aka ce masa ɗan gari.

Sai Basilla ya durƙusa ya shiga tsince ɓarɓashin, har da wanda ya shiga magudanar ruwa. Ya juye burodin a kan tanki ya zuba su a ledar. Ya lallaɓa ya ɗauke na daman ma. Ya tsaya a bakin ƙofa ya gyara murya.

"Yaya, na tafi da takalman rumfa, in canja musu ƙasa."

"Yau-yau? Auta, ko shayi ban sha ba."

"Gara a gama da wuri."

"To. Allah ya yi albarka."

Albarkar nan ta bi shi har rumfa tana ƙona masa ƙeya.

Ya zazzage ledar a kan benci ya gwada haɗa su. Ba su haɗu ba. Wasu na cikin karen, wasu sun zama gari. Ya san tudun ya kai wajen yatsu huɗu a dunduniya, ya san yana raguwa zuwa gaba. Nawa yake raguwa? Hannunsa ya tuna akwai ɗan karkata a gefe, amma wane gefen, ciki ko waje? Sau goma sha ɗaya ya riƙe takalmin nan a cinyarsa, robar ƙasa kawai yake kallo.

Tela ya leƙo. "Basilla, wannan gyara ne ko jana'iza?"

"Aikin gabanka ya ishe ka."

"Wa ya kawo maka wannan? Jirgin ƙasa ne ya bi ta kai?"

Basilla ya ja tsumma ya rufe.

Da yamma matarsa ta tare shi a ƙofar gida kafin ya shiga. Ta buɗe tafin hannunta. Ɗan ƙarfen maɗauri ne, da shatin haƙori a guntun fatar da ke jikinsa.

"A shara na gani."

"Rage murya."

"Ka gaya mata?"

"Zan yi wani. Ba za ta gane ba."

"Matar da ta shekara hamsin a kan tudun nan ce ba za ta gane ba? Basilla, ka ji ni da kyau. Ba zan tona ka ba, ba kuma zan taya ka ƙarya ba. Idan ta tambaye ni zan ce ta tambayi ƙaninta."

Washegari da safe yana ɗaure igiyar kekensa ya ji an buɗe ƙofar ɗakin baƙi. Banɗaki yana can ƙarshen tsakar gida, taku ashirin ga mai lafiya. Yaya ta fito da buta a hannun dama. Ta ɗora na hagu a gwiwa, ta sunkuya, ta ja jiki, ta miƙe. Ta sake. Yanzu ba yarinya ba ce, shekararta saba'in da biyu, kowane taku sai ta fitar da numfashi. A tsakiya ta tsaya ta dafa igiyar shanya. Rabonsa da ganin wannan tafiyar tun yana ɗan makaranta, lokacin da yake dambe da duk wanda ya kalle ta. Ya koma bayan ƙyaure ya tsaya kamar ɓarawo har ta shiga, sannan ya tura keken ya fice ba sallama.

Ranar Talata ya ce gam bai bushe ba. Ranar Laraba ya ce robar da ta dace ta yanke a kasuwa. Ranar Alhamis ya ce ya ga ɗinki ya saki a ciki, gara ya bi shi gaba ɗaya. Kullum Yaya takan ce, "To, Auta, ba gaggawa." Ya daina cin abinci tare da su. Ya koma fita tun da sassafe, ba ya dawowa sai ana kiran magariba, don kada ya sake cin karo da ita a hanyar banɗaki. Ba don ita yake yi ba, don kansa ne. Ita ko ya gani ko bai gani ba sai ta yi tafiyar sau biyar a yini.

A rumfa ya ajiye aikin kowa. Ya sayi fata mai laushi, ya yanka sama a kan sifar na dama. Ya jera fallen roba mara nauyi ya liƙe, ya fere, ya goge, ya rufe da fata, ya rina baƙi, ya shafa mai har yana ɗaukar ido. Ya ɗan murje hancin a jikin benci don kada sabuntar ta yi yawa. A ido babu mai cewa ba shi ba ne. Shekarunsa talatin da takwas duk ya zuba su a ciki, kuma duk don ya yaudari yayarsa.

Ranar Juma'a da la'asar ya shigo da su a leda. Yaya na zaune a kujerar tsakar gida, wurin da ta yini a kwanakin nan tunda ba ta iya zuwa ko'ina. Kunne na kwance ɗan nesa da ita. Matar gidan tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ɗaga kai ba.

"An gama, Yaya."

"Sannu da ƙoƙari."

Ta sa na dama, ta sa na hagu, ta ja maɗauri. Ta miƙe. Ta yi taku ɗaya, biyu, uku. A na huɗu ƙafar ta gurɗe waje, ta tafi gaba ɗaya, Allah ya sa famfo na kusa ta cafke shi. Farantin shinkafa ya kife. Basilla ya zabura, ta ɗaga masa hannu. Da kanta ta lallaɓa ta koma kujera. Ta kwance na hagun ta juya shi a hannu.

"Ɗinkin ya yi kyau," ta ce. "Ya fi na tsohon ma."



Ta cire na daman, na asali, wanda ya rage mata, ta wurga shi tsakiyar gida, gaban karen.

"Yaya!"

"Tsaya inda kake."

Kunne ya tashi ya sansana. Ya buɗe baki ya ɗauka. 

"Ajiye," in ji Yaya. Ba tsawa, irin muryar da ta shekara talatin tana raba 'yan shekara uku da almakashi.

Karen ya tsaya. Kunnen da ke tsaye ya motsa. Ya saki takalmin ya faɗi. Sai ya juya ya nufi ƙarƙashin kujerarta ya jawo wata tsohuwar igiya mai kauri da aka yi wa ƙulli uku, ya kwanta da ita.

"Yawwa. Naka ke nan." Ta ciro ɗan ɓawon burodi daga bakin zaninta ta jefa masa. "Kwana huɗu muna wannan da shi. Matarka ta samo mana ƙashin ƙafar saniya wurin mahauci, da igiyar nan. Ya ɗauki abin da ba nasa ba, ka karɓa, ka ba shi nasa, ka yaba masa. Ya sake, ka sake. Ba duka, ba zagi. Ranar farko sau talatin muka yi. Kuma duk takalmin buhun da ka bar masa na sa an kwashe. Ba a ba yaro wuƙar wasa a ce ya bar ta kicin."

Ta juyo ta dubi Basilla.

"Ƙarar da ya yi ce ta tashe ni ranar Litinin. Na leƙa ta taga na gan ka a durƙushe kana tsince-tsince kamar kaza."

"Me ya sa ba ki yi magana ba?"

"Ni ce zan yi magana? Jira nake in ga kwana nawa za ka bar ni ina dafa gwiwa." Ta ƙirga a yatsunta, a hankali, har ta kai babban yatsa. "Biyar."

Matar gidan ta sunkuya tana kwashe shinkafar ƙasa ƙwaya-ƙwaya.

Yaya ta nuna karen. "Shi wannan abin da ka koya masa ya yi, ka kuma dake shi a kai. Kai fa? Wa ya koya maka gam bai bushe ba? Ni na rene ka, ban tuna ranar da muka yi wannan darasin ba."

Dattijo mai shekara sittin da uku, da furfura har a gira, ya tsaya a tsakar gidansa hannuwa a baya. Ya so ya ce tsoro ya ji. Ya so ya ce bai so ranta ya ɓaci ba. Ya duba maganganun ya ga su ma irin takalmin ledar nan ne, kyau a ido kawai.

"Na lalata miki takalmi, Yaya. Na yi miki ƙarya. Kuma ban san awon ba. Ban taɓa sani ba."

"To yanzu ka yi magana. Akwai sauran robar?"

Akwai, a jakar kekensa. Ta sa ya yanka ta falle-falle, kowanne kaurin rabin yatsa. Ta ce haka tsohon yake yi: a tsaya a jikin bango, a riƙa cusa falle ƙarƙashin ƙafa har ƙugu ya daidaita. Matarsa ta kama ta suka isa bango. Yaya ta jingina bayanta, ta tattare zaninta har gwiwa.

Basilla ya durƙusa, idonsa a kan siminti.

"Auta, ƙasa za ka yi wa takalmi? Kalle ta. Ba ta cizo."

Ya kalla. Ƙarama ce, kamar ta yarinya 'yar shekara goma, ƙwaurin bai fi hannunsa kauri ba. Yatsun sun tanƙware ciki. Gefen waje ya yi kanta mai tauri, nan nauyinta yake sauka. A kan kantar akwai sabon ƙuje guda biyu, ja, na kwanakin nan. Wannan ƙafar ce ta ɗauke su su biyu zuwa makaranta. Ya sa hannu ya tallafe ta, ya ji ba ta da nauyi ko kaɗan.

Ya cusa falle. Ya ƙara. Matarsa ta ɗora hannu biyu a ƙashin ƙugun Yaya tana cewa saura, saura, ya ɗan wuce, cire ɗaya. Tara a dunduniya, biyar a gaba. Sai Yaya ta ce har yanzu tana jin tana zubewa waje. Ya fere wani fallen ya yi masa gangare ya sa a gefen waje, ta sauke numfashi ta ce, "Nan ne." Shi a nasa takalmin gefen ciki ya ɗaga. Ya rubuta komai da biro a bayan kwalin madara, tara ɗin ta yi kama da bakwai ya sake rubutawa.

Kwana uku ya ɗauka. Sau biyu yana kawowa tana takawa tana cewa a rage nan, a ƙara can, yana komawa. A kwanakin ya sayo mata kujerar roba ya ajiye a tsakiyar hanyar banɗaki don ta riƙa hutawa, idan ta fito kuma ya daina ɓuya, yakan miƙa mata kafaɗa. Ta karɓa sau ɗaya ta ce ƙashi ya yi masa yawa, yana soke ta.

Takalmin da ya fito bai kai na tsohon ba. Ya fi nauyi, kuma yana ɗan ƙara idan ta taka siminti. Amma ta ratsa tsakar gidan da shi a miƙe, ta je ta dawo, kafaɗunta daidai. Ranar da za ta tafi ya raka ta tasha da jakarta a kan keke. Ta hau mota ta zauna gefen taga. Ya tsaya yana jiran ko za ta ce komai ya wuce. Ta ce, "Kada ka bar igiyar ta tsinke ba ka sake masa wata ba. Kuma ka riƙa cin abinci."

Ya kafa kantar katako a bango kusa da ƙofar ɗaki, daidai ƙirjin mutum, kowa ya shigo nan yake ɗora takalminsa. Buhunan ya mayar da su rumfa ya rataye a sama, sun rage saura biyu da kaɗan. Kunne bai zama waliyyi ba. Idan baƙo ya manta ya bar silifas a ƙasa yakan je ya tsaya a kansa yana haɗiyar yawu, sai an ce "Ajiye" tun bai ɗauka ba, sannan ya tafi neman igiyarsa yana waiwaye. Watanni kafin ya daina sunkuyar da kai idan Basilla ya ɗaga hannu da takalmi a ciki.

Awon yana nan a bangon rumfa, ya kwafe shi da fenti sama da gwangwanin gam: tara, biyar, gangare a waje. Masu jira sukan tambaya lambar mece ce, ya ce ta wani aiki ce.

Rannan wata mata ta kawo takalmin makarantar 'yarta, tana ta jaddada masa kada ya ɓata, kada ya canja masa kama. Tela ya leƙo da tsinken allura a baki.

"Hajiya, kwantar da hankalinki. Wannan da kike gani, tunda ya fara sana'ar nan bai taɓa..."

"Na lalata guda," in ji Basilla.

Tela ya cire allurar daga bakinsa. "Na wa?"

Basilla ya kifa takalmin yarinyar a kan ƙafar ƙarfe, ya ɗebi ƙusoshi ya zuba a baki.